Manja a Kan Littattafanka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baban Ummi.

Bayan gaisuwa da fatan rahamar Ubangiji tana tare da kai a makwancinka, na rubuto in sanar da kai cewa littattafanka sun dawo.

Ina zaune a tabarmar takaba, wata na uku, ƙaninka Sani ya shigo da kwalin ya ajiye a gabana. Ina ɗagawa na ji ƙacau-ƙacau a ciki, kamar an fasa tangaran an tattara. Gindin kwalin ya jiƙe ya yi ja. Na shinshina, manja ne. A samansa kuma ga sawun takalmi, ƙato, har zanen ƙasan takalmin ya fito. Tun ban yanka ba na gane. Wani ne ya taka kayanka don ya miƙa hannu ya ɗauko wani abu.

Ba duk masu karanta wannan suka san ka ba, don haka ka yi haƙuri in maimaita abin da ka fi ni sani.

Tun kana yaro a Balan kake tara littattafan nan na Turanci masu labari cikin zane. Duk ranar da aikin malamin gona ya kai ka Kano, sai ka biya wajen masu tsofaffin littattafai a bakin titi, har akwatin ƙarfenka ya cika. Na sha yi maka tsiya, magidanci da furfura yana karatun yara. Sai ka ce, “Saratu, ke dai bar ni da mutanena.”

Bara ka gano a waya cewa uku daga ciki suna da daraja a ƙasar waje. Ka aika wa abokinka Injiniya na Legas, shi kuma ya tura su can inda ake tantance su. Ka yi min bayani ya fi sau goma: masana ne ke duba kowane shafi, su ba littafin maki, su rufe shi cikin wata roba mai tauri, garau kamar gilashi. Muddin robar ba ta fashe ba, makin yana nan, darajarsa tana nan. Biyu ka ce za a sayar Ummi ta shiga makarantar koyon jinya. Na ukun, mai labarin matuƙin jirgin ruwa, wanda Baffa ya zane ka a kansa don ka saye shi da kuɗin gyaɗa, ka ce wannan ba na sayarwa ba ne. So kawai kake ka ga makin da za su ba shi.

Ba ka gani ba. Ciwon ya riga kwalin.

Injiniya ya kyauta. Da littattafan suka dawo hannunsa ya ba wani kamfanin aika kaya, ya biya inshora, ya rubuta sunana kamar yadda ka ce masa kana asibiti. Tunda mai takaba ba ta fita, Sani ya je Kano ya karɓo. Suka miƙo masa takarda suka nuna inda zai sa hannu, ya sa. Ba wanda ya ce masa ya buɗe. Ashe abin da ya sa wa hannu shi ne kaya sun iso lafiya ƙalau.

Biyun robarsu ta tsage, kusurwoyi sun lanƙwashe. Naka na ukun kuwa robar ta rabe biyu, manja ya shige har ciki. Ban iya kallonsa haka ba. Na yi masa abin da nake yi wa zani in mai ya zuba: na zaro shi, na barbaɗa masa toka mai laushi, na shanya shi a inuwa a kan faifai. Wallahi gyara na yi niyya.

Kwana biyu da fita takaba na hau motar Kano da kwalin a cinyata. Muka ratsa Gaya, kwandasta yana ta cewa in kawo ya sa a but, na hana.

Ma'aikacin da na tarar a ofishin kamfanin yana cin gyaɗa ne, bai daina ba. Ya ɗaga littafinka da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya kira na kusa da shi ya nuna masa, suka yi dariya. Wai duk wannan tafiyar a kan littafin katun. Sannan ya ce Sani ya sa hannu. Ya ce da na zuba toka na lalata shaida. Ya ce kuma wa'adin kawo ƙorafi ya wuce tuni. Na ce masa takaba nake yi. Abin da ya ce har yau yana kunnena: “Hajiya, babu gurbin takaba a fom ɗinmu.” Mutum da tabon salla a goshi, Baban Ummi. Shi ma wata rana matarsa za ta zauna a tabarmar nan.

Ina tsaye ina hango bayan kantar ofishin. Ana sauke mota, ana wurgo kwalaye ƙasa kamar ana jifan kare. Ga jarkokin manja a jere kusa da kayan mutane, ɗaya ko murfin kirki babu, an toshe da leda. Wani ya taka kwali ya hau motar a kan idona. Ranar da suke karɓar kuɗin inshora ba su ce littafin katun ba ne.

Sau uku ina zuwa. A gida Kawu ya ce in bar wa Allah, ai takardu ne. Mutuwarka na bar wa Allah, don shi ya ba ni kai. Amma wanda ya taka kwalin nan yana da ƙafa, yana da suna, yana karɓar albashi.

Injiniya ya yi ta buga musu waya, ya tura musu takardar shaidar rasuwarka. Daga ƙarshe sun yarda za su biya wani abu, ba duka ba, amma zai kai Ummi makaranta. Sharaɗinsu shi ne in sa hannu a wata takarda, in miƙa musu littattafan duka uku su zama nasu. Na roƙa su karɓi biyu su bar min ɗaya, ko da sun rage kuɗin. Suka ce kwali ɗaya ne, ƙorafi ɗaya ne. Na tambayi me za su yi da littafin da su da kansu suka ce ya lalace. Mai gyaɗar ya ɗaga kafaɗa, ya ce sito ake kaiwa, in ya cika a sayar wa masu awo a kilo. Tun ranar ban iya sayen ƙosai a takarda ba.

Ƙarshen watan nan za a rufe karɓar ɗalibai. Na rasa yadda zan gaya wa Ummi, sai ita ta fara. Ta ce in na ce a bar littafin za ta haƙura sai baɗi. Tana faɗa tana kallon ƙasa, irin yadda kake yi in kana son abu kana jin nauyin tambaya. A nan na san zan ba su. Ka yafe min. Ka ce ba na sayarwa ba ne, kuma ba sayarwa zan yi ba, ƙwace min za a yi.

Amma na ce sai mun karanta tukuna. Shekara ashirin da ɗaya yana ɗakina ban taɓa tambayarka me ke ciki ba. Yanzu kullum bayan la'asar muna zama a gindin darbejiyarka, Ummi tana karantawa tana fassara min, ni ina bin zanen da yatsa. Ashe ƙanwarsa matuƙin nan yake nema daga tsibiri zuwa tsibiri. Ashe akwai ban dariya. Jiya na yi dariya har na juya zan ce maka wani abu.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi. Allah ya sa haƙurin da ka yi da tsiyata ya zama nauyi a mizaninka. Ya raya mana Ummi, ya sa ta zama mai riƙe abin mutane da amana. Amin.

Taka har kullum,
Saratu, Ajingi.

Shafuka huɗun ƙarshe manja ya manne su, mun kasa raba su. Ba mu san ko ya ga ƙanwar tasa ba, kuma har yanzu ban sa hannu a takardar ba.