Layi Na Ɗaya A Takardar Inna

Matameye, 3 ga Fabrairu 2025

Zuwa ga Kawu Munkaila,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya Kano, yaya kasuwa, yaya ciwon gwiwar nan? Na ba direba wannan wasiƙa ne don abin da ke ciki ba na waya ba ne.

Ofishin haraji sun aiko wa Inna takarda. Ka san ana rage wa ma'aikaci harajin albashi gwargwadon yaran da ke wuyansa. Yara uku ta rubuta: Zuhra da Fahad na marigayiya ƙanwarku Maryama, da Najaha, wadda uwarta ta rasu a hannun Inna a ɗakin haihuwa. Sun duba takardun haihuwarsu, ba su ga sunan Inna, wato Salamatu, a gurbin uwa ba. Sun ba ta kwana talatin ta kawo shaidar riƙo, in ba haka ba su ɗauka ƙarya ta yi. Ungozomar da ta shekara ashirin da biyu tana aiki ba a taɓa kama ta da ƙarya ba!

Da na karanta mata, dariya ta yi, wai su zo da safe su ga wa ke dama musu koko. Sai ta ce wa Zuhra ta gaya wa "mai lisansin nan", wato ni mai digiri, ya rubuta amsa, alhali ina tsaye a gabanta.

Don Allah ka aiko mini ainihin ranar rasuwar Inna Maryama. Ina da 12 ga Yuni 2015, Kaka kuma ta ce ana saura kwana uku azumi, biyun ba su haɗu ba.

Akwai abin da ya tsaya mini, Kawu. Na karanta ƙa'idar sau uku. Ɗa mai karatu yana da gurbi, amma ko a shekarun karatuna sunana ba ya cikin waɗanda ofishin ya lissafo. Ni kaɗai ta haifa. Na san kunyar ɗan fari, na san ita ta sa aka kai ni Kurni wurin Kaka tun yaye. Amma takarda ai ba baki ba ce.

Ka gaida abokan zamanka.

Ɗanka,
Marwan


Matameye, 24 ga Fabrairu 2025

Zuwa ga Kawu Munkaila,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, 15 ga Yuni ce, Kaka ta fi takardata gaskiya.

Shaidar kotu ta fito. Mahaifin Najaha ya taso daga Icirnawa a kan amalanke. Ya ce wa alƙali ranar da ya miƙa jinjirar nan, Inna ba ta tambaye shi ko sunan unguwarsu ba, zane kawai ta nema ta goya ta. Maƙwabta bakwai suka biyo mu, shaidu biyu ake bukata.

Matsalar ita ce Inna ta ƙi sa hannu. Na cika sabuwar takardar yara da kyau, Zuhra a layi na ɗaya, Fahad na biyu, Najaha na uku. Ta duba, ta ajiye a kan tabarma, ta ce wa Fahad wai wanda ya yi karatun lakkol har Damagaram bai iya cika takarda ba. Na bi kowane harafi da kowace rana, ban ga kuskure ba. Na tambaye ta, ta tashi ta tafi aiki.

Saura kwana shida. Abinci ma ba ya shiga mini. Gobe zan je ofishin in nemi ganin yadda take cikawa a da.

A sa mu a addu'a.

Ɗanka,
Marwan


Matameye, 27 ga Fabrairu 2025

Zuwa ga Kawu Munkaila,

Bayan gaisuwa, ina fatan ka kwana lafiya. Alhamdulillahi, an karɓi takardun jiya, an ce magana ta ƙare.

Wani dattijo na tarar a ofishin. Ya fito da takardun Inna guda tara ya shimfiɗa a kan tebur. Kawu, a duka taran, da rubutun hannunta, sunaye daga layi na biyu suka fara. Layi na ɗaya babu komai. Ya ce shekarun baya wani sabon ma'aikaci ya so ya gyara mata, ta ce ya bari, wurin da mai shi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni ko ni ne mai filin da ba a shuka ba. Ya ce ya sha gaya mata tana asarar ragi a banza, ita kuwa sai ta gaishe shi da aiki ta fita.

Na roƙi sabuwar takarda, na cika a nan tsaye.

Yanzu na gama karatu, a ƙa'ida ba ni da gurbi. Duk da haka daga layi na biyu na fara. Da na kai mata, ta bi layukan da yatsa tun daga sama, ta ɗan tsaya a na ɗaya, sannan ta sa hannu. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa Najaha ta ƙara wa wancan miya, ya rame.

Kowa na gaishe ka.

Ɗanka,
Marwan