Ku maido mana ɗakin da na kira sunan ɗana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban furojen lafiyar mata na Dakoro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Rabi mai ƙuli-ƙuli ta bakin kasuwa. Ɗiyata ke rubutawa, amma maganar tawa ce, kuma da baƙin ciki nake yin ta.

Na ɗaya. Tun shekarar da rijiya ta rufta da ɗana na fari wajen shayar da shanu a Bader Goula, ciwon kai bai sake ni ba. Ƙwayoyin farmasi na sha, rubutu na sha, ƙaho an yi mini. Kullum kaina ɗaure yake tamau da kallabi. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kukansa gaban mutane. Ranar makoki ni ke kai wa baƙi fura, idona a bushe, ana ta yaba mini kara.

Na biyu. Da kuka buɗe ɗakin sauraron damuwa, na tafi ina jiran allura. Sai Madam Hadiza, ma'aikaciyarku, ta rufe ƙofa, ta koya mini jan numfashi, ta tambaye ni sunan ɗana. Na faɗa. Ranar na yi kukan da ban yi ba tun rasuwarsa. Ciwon bai tafi duka ba, amma na samu barci, na sassauta ɗaurin kallabin, na koma kasuwa.

Na uku. Bana aka mai da ɗakin magazan, wato wurin ajiyar gidan sauro, aka tara mu a rumfa wai don a ga mata da yawa lokaci ɗaya. A rumfar nan akwai uwar mijina da ƙanwarsa. Fisabilillahi, me zan ce gabansu? Aka zo kaina na ce lafiya lau. Madam ta sunkuyar da kai, saboda ta ga ɗaurin kallabin ya koma tamau.

Ban ce mugunta kuka yi ba. Takaicina, ba a tambayi ko mace ɗaya ba.

Ina roƙo ku nema wa gidan sauro wani wuri, ku maido mana ɗaki mai ƙofa, ko da ƙarami ne. Na so in sa sunan yaron a nan don ku san mutum ne. Ga ɗiyata ta tsai da biro tana jira, na kasa.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya raya muku ƴaƴanku na fari.

Wassalam.
Rabi mai ƙuli-ƙuli, Dakoro.