Kada a sauke giyabos

Mahfuz,

Na tarar kana barci, ni kuma zan wuce Nok. Na gwada motar tseren taka da safe, tunda ka ce giya ta yi tauri. In inji yana kashe, tana shiga lafiya. Sai an tayar take gardama, musamman ta ɗaya da ribas. Ke nan giyabos ba shi da laifi. Man kuloci ma cike yake.

Kafet mai kaurin da ka ɗora kan na asali saboda taɓon damina, shi ya hana kuloci kaiwa ƙasa. Na cire, ta koma daidai.

Kira bakanike Ifediora kafin ƙarfe tara da zai zo sauke giyabos, ka ce masa kada ya kwance komai. Kafet ɗin yana ƙofar Inna, ana goge ƙafa. Can ya dace da shi.

Yayanka, Jibir