Ka Raɗa wa 'Yarka Katako

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba, ya mai jego? Ni lafiya lau nake. Zarto ya ɗan taɓa min yatsu biyu, amma hannun yana aiki, kar ka gaya wa Baba.

Na ji an yi suna. A gabana ka yi alkawari in mace ce sunan marigayiya Inna za ta ci, sai ga shi ka kwaso "Zailiya" daga waya, wai ya fi zamani. Na tambayi wani tsoho Bagirke da muke yankan katako tare ma'anar sunan. Dariya ya yi har da tari. Ya ce daga "kisilo" aka samo sunan, a yarensu kuwa itace ke nan.

Kai da kake ce wa mutane ƙanenka injiniya ne, don kunyar a ji itace nake yanka! Yau ga itace a gidanka, har da yanka masa rago.

Allah ya raya ta. Ni dai Inna zan kira ta.

Ƙanenka mai katako.