Watan Malam Hodi

Asabar, 4 ga Fabrairu, 1989. Birnin Kebbi.

Yau na fito da madubin hangen nesan nan daga siton makaranta. Shekara shida yana kwance cikin akwati, gizo-gizo har ya yi jikoki a ciki. Shugaban makaranta ya ce in ɗauka in dawo da shi lafiya, shi dai bai san amfaninsa ba. Ni na sani.

Bari in rubuta dalili, don kada in yi sanyi a tsakiya. Shekara arba'in Baba ke ganin jinjirin wata a unguwarmu a Argungu. Malam Hodi mai wata. In ya ce ya gani, mai unguwa ba ya tambayar kowa, sai a wuce da shi wurin alƙali. Bara, ran ashirin da tara ga azumi, ya ce ya ga watan sallah. Sama tas, mutum ya fi talatin a bakin gulbi, ba wanda ya gani sai shi. Alƙali ya ƙi karɓa. Gidanmu da wasu gidaje biyu suka ajiye azumi a kan maganarsa, daga baya suka rama. Dankure dillalin albasa ya ce a gaban jama'a wai yankan farcensa Malam ya gani. Aka yi dariya. Tun ranar Baba bai ƙara zama majalisa ba, sallah ma a sahun baya yake yi.

Zan haɗa injin da zai juya madubin nan da kansa, ya tsayar da shi daidai inda wata yake. Baba ya sa ido ya gani kafin kowa, a gaban Dankure. Saura wata biyu azumi.

Juma'a, 10 ga Fabrairu

Abin da ke hannuna: kwamfutar da malamin lissafi Ba'indiye ya bar min da zai koma ƙasarsu, ba ta fi allon karatu girma ba, sai an jona ta da talabijin. Littafinsa na lissafin taurari, rabi gara ta ci. Ƙananan injina biyu da na ciro daga wata matacciyar firinta, irin masu tafiya taki ɗaya-ɗaya. Ɗaya zai juya madubi gabas da yamma, ɗaya sama da ƙasa. Sarƙar keke, da haƙoran tsohon keken ɗinkin Kulsumi, matata. Ba ta san na kwance shi ba tukuna.

Dalma ta ɗiga min a babban yatsa. Na zagi waya kamar tana ji.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

An ɗauke wuta sau huɗu. Aikin kwana uku ya tafi. Batirin mota zan nema.

Asabar, 25 ga Fabrairu. Argungu.

Na gaya wa Baba. Yana zaune a zaure, bai ko juyo ba. "Ƙarhe ba shi shaida," ya ce, "ido shi ka shaida." Na ce ai idonsa ne zai gani, ƙarfen nuni kawai zai yi. Ya ci gaba da jan carbinsa. Haka yake da ni tun ina yaro. Ni ɗan fari ne, ko sunana bai taɓa kira ba, sai "kai", sai "wanga yaro". Shekarata talatin da huɗu, ina koyar da aikin lantarki, har yau wanga yaro.

Da na fito na bi ta kasuwa, ga Dankure a kan buhunan albasa yana washe baki. Ya ce yaya mai wata. Wallahi jinina ya hau. Na ce masa ran ashirin da tara ga Sha'aban ya zo bakin gulbi, ya zo da duk wanda ya yi dariya bara, zai ga Malam Hodi ya ga wata kafin shi ya gama murza ido. Ya ce Allah kai mu. Mutane sun ji.

Laraba, 1 ga Maris

Innalillahi. Kwamfutar nan ba ta riƙe komai in an kashe ta, sai a kaset nake adana lissafin. Kulsumi ta tsinci kaset ɗin, ta sa a rakoda, ta ji yana ƙara kamar ana yanka ɗan akuya, ta ce ya lalace, ta ɗauki wa'azin rediyo a kansa. Sati biyu na aiki! Na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba. Ta bari na gama, ta ce, "To Malam, ina haƙoran kekena?"

Na sake daga farko. Kaset biyu yanzu, ɗaya a aljihu.

Asabar, 4 ga Maris

Yana juyawa, amma ƙarya yake yi. Bayan isha'i na nuna masa taurari biyu da hannu don ya san inda yake, sannan na ce ya tafi wurin Kaza da 'Ya'yanta. Ya tafi, ya wuce su, ya tsaya yana kallon bangon maƙwabci. Haƙoran suna da wasa, duk sanda ya canja hanya sai ya cinye taki talatin a banza. Na yanko robar tayar keke na ɗaure ta ta riƙa jan sarƙa gefe ɗaya. Ba kyau, amma wasan ya ragu.

Laraba, 8 ga Maris

Ya yi! Allah, ya yi!

Yau ake duban watan Sha'aban. Na kafa shi a filin ƙwallon makaranta tun la'asar. Rana na faɗuwa na danna, injina suka yi ta ƙiƙ-ƙiƙ-ƙiƙ, madubi ya sunkuya yamma ya tsaya. Na sa ido. Ga shi nan tsakiya, siriri, kamar an ja shi da alƙalami. Sai da aka yi kusan minti ashirin kafin maigadi ya gan shi da ido. Na yi ta dariya ni kaɗai har ya ɗauka aljanu ne.

Dankure, ka shirya.

Asabar, 11 ga Maris

Da ban yi ba.

Na ce tunda lissafin daidai yake, bari in mayar da shi baya zuwa ranar bara, in kwafe inda wata ya tsaya a sararin Argungu, in kai wa alƙali a rubuce ya ga wanda ya ƙaryata. Na sa kwanan wata, na sa lokacin magariba.

Talabijin ya ce wata ya riga rana faɗuwa. Ba ya sama ma. Yana ƙarƙashin ƙasa.

Na ce kuskurena ne. Na sake. Na canja kaset. Na ɗauko littafin Ba'indiye na yi da fensir, sau biyu. Amsa ɗaya. Ba wani mahaluƙi da zai ga wata a Argungu ranar nan.

Lahadi, 12 ga Maris

Ban taɓa injin ba. Baba ba maƙaryaci ba ne. Ba maƙaryaci ba ne.

Asabar, 18 ga Maris. Argungu.

Wannan karon na zauna na kalle shi, abin da ban taɓa tsayawa na yi ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, ya kama iska, ya laluba gefe sannan ya same ta. Daga zaure zuwa masallaci leɓensa na motsi, na ɗauka tasbihi ne. Taki yake ƙirgawa.

Na tare Laure, ƙanwata, a madafa. Ita ke kula da shi tun rasuwar Inna. Ta ajiye muciya ta ce, "Yaya, kai ɗai na ba ka sani ba." Shekara uku ke nan idon Baba ke tafiya. Ita ta kai shi wurin likitan ido a Sakkwato a ɓoye, aka ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa, ba ta dawowa. Ya rantsar da ita kada ta faɗa. Sahun baya ma ba kunya kaɗai ba ce, bango yake bi.

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya min. Ta ce, "Yaushe ka zauna? Ka zo, ka yi hushi da Dankure, ka koma."

Na ji haushinta, don gaskiya ta faɗa.

Lahadi, 26 ga Maris

Baki shi ke yanka wuya. Labari ya kai har Gulma da Augie, wai ɗan Hodi ya ƙera injin kamo wata. Mai unguwa ya aiko a gaya min zai zo da kansa. In na fasa, za a ce mun ji tsoro, an tabbatar da maganar farce. In ban fasa ba, na ja makaho gaban jama'a in ce ya duba.

Makaho. Yau na fara rubuta kalmar.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Zafi ya sa injin sama-da-ƙasa yana tsallake taki. Na liƙa masa guntun gwangwani ya riƙa shan zafin. Ina gyara abin da nake fata ya lalace.

Lissafi ya ce ran Alhamis, ranar duban watan azumi, watan zai kasance a sama, amma ƙarami ƙwarai, da wuya ido ya kama shi. Madubi zai kama.

Laraba, 5 ga Afrilu. Argungu.

Na kafa shi a bakin gulbi, kusa da giginyar da Baba ke tsayawa, na daidaita shi da taurari bayan magariba, na rufe da tabarma.

Sannan na yi abin da nake jin kunyar rubutawa. Na samu Baba shi kaɗai na ce na san komai. Na ce gobe ni zan fara dubawa, in wata na nan zan taɓa masa kafaɗa, shi kuma ya sa ido ya ce ya gani. Na ce ai ba ƙarya ba ce, tunda watan na nan. Can ya ce, "Wagga dabara cikin ƙarhen ka koyo ta?" Na ce a'a. Ya ce, "To tahi ka kwanta."

Ban san ko ya yarda ba.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Rana ba ta ƙarya. Mutum ya fi ɗari. Masunta sun bar jirage sun hauro, Dankure a gaba da sabuwar hula. Laure ta kawo Baba har gindin giginya ta sake shi kafin a lura.

Rana ta faɗi. Na danna. Ƙiƙ-ƙiƙ-ƙiƙ, madubi ya juya ya tsaya. Zan sunkuya in duba kamar yadda na tsara, sai Baba ya riƙe min hannu. Ya ce shi zai fara. Ya laluba ƙarfen har ya samu inda ake sa ido. Kowa ya ga lalubar.

Ya daɗe. Ya ɗago, ya juya wajen jama'a, ya ce da ƙarfi:

"Ban gan shi ba. Bara ma ban gan shi ba. Na san inda ya kamata shi tsaya, zuciya ta nuna min shi, ni kuwa na ɗauka ido na. Idona sun tahi, shekara uku ke nan. Waɗanda sunka aje azumi bisa maganata, ku yahe min."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da na samu wanda zan shaƙe. Dankure ya cire hular nan yana juya ta a hannu.

Sai Baba ya ce, "Sahabi, taho ka duba."

Sunana. A gaban mutum ɗari. Na sa ido ban ga komai ba sai ruwa, sai da na goge da hannun riga. Ga shi, kamar silin gashi. Na ce na gani. Ya shiga yi min tambayoyin da alƙali ke yi masa shekara arba'in. "Ƙahoni ina sunka dosa?" Na ce sama. "Dama ga inda rana ta hwaɗi, ko hagu?" Na faɗa. Ya gyaɗa kai ya ce wa mai unguwa, "Ku tahi da shi wurin alƙali."

Mai unguwa da mutum biyu suka duba suka gani. Alƙali ya rubuta, ya tambaya ko da ido ne ko da gilashi, ya ce zai aika. Bayan isha'i rediyo ta ce gobe azumi. Ba a ambaci Argungu ba.

Na ƙera injin nan don in wanke sunan Baba. Da hannuna na tara masa mutanen da zai faɗi a gabansu. Ina jin zafin abin har cikin ƙashi.

Juma'a, 7 ga Afrilu. Ɗaya ga azumi.

Injin na cikin akwati, ban cire masa ƙasar gulbi ba.

Na rubuta takardar neman a mayar da ni aiki Argungu. Sararin nan ya fi na Birnin Kebbi kyau ga madubi, shi ke nan, ba wani abu ba. Kulsumi za ta ce wani abu, ta ce.

Da za a tafi Juma'a Baba bai bi bango ba. Ya miƙo hannu, na kama, muka ratsa har sahu na biyu. Mutane suka matsa mana kawai.

Bayan mun sha ruwa ya ce in kai shi gindin giginya. Watan yau kowa na ganinsa, har yara na nunawa. Ya tsaya ya ɗaga kai, amma ya fuskanci wajen gonakin shinkafa, ya kauce da yawa. Na tsaya bayansa na kama kafaɗunsa, na juya shi hagu a hankali, kaɗan, kaɗan, na ɗan ɗaga masa haɓa.

Ya ce, "Nan na?"

Na ce, "Nan ne, Baba."

Ya yi addu'ar ganin wata har ƙarshe. Ban saki kafaɗun ba sai da ya shafa.