Hotuna Biyu a Hannun Baba

Asabar da dare, Kafanchan, 1976

Na gode wa Ubangiji, yau kam masifata ta yi rana.

Makon jiya na yi wa mai hoton bakin tasha tatas. Na sa sabuwar rigata, na taje gashi, shi kuwa ya shafa basilin a gilashin kyamara, wai yayin Legas ke nan. Fuskata ta fito dishi-dishi, hasken fitila ya cinye kumatuna, ga janbakin da ya zana mini a jikin hoton da buroshi kamar na sha manja. Dole ya sake ɗaukar wani garau.

Yau na kai duka biyun Kagoro don Baba ya ba ni gaskiya. Ya jujjuya su, ya matsa bakin ƙofa wurin haske, ya ce, "Saratu, ai duk ɗaya ne. Kin yi kyau."

Mama ta ja ni kicin ta ce, "Tun haƙar citta haka yake gani. Karatun Littafi da yake yi a coci ma, da ka yake yi. Ya hana ni faɗa."

Mun sha gardama da Baba, amma ya yarda ran Litinin mu je asibitin mishan a duba idon.

Da mai hoton bai ɓata na farko ba, da har yanzu ban sani ba. Na cire mai kyan daga firam, na sa mai dishin. Haka Baba yake ganina, kuma ya ce na yi kyau.