Malam Ya Yi Wa Marubucin Allah Ya Isa, Bai San Ni Ce Ba

Iya Dije, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, kwana goma sha biyu suka rage mini. Sunayen da za ki gani duk na canza su.

Ni 'yar wani gari ce a ƙasar Kiru. Mahaifina malami ne, ya karantar da rabin garinmu, kuma shi ya tsaya kai da fata na yi boko. Da na gama difloma sai na samu aiki a wata jaridar Hausa ta mako-mako mai kawo labaran Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. A gida kowa ya ɗauka gyaran rubutu nake yi, in sa aya in sa waƙafi, ni ma ban musa ba. Gaskiyar magana, shekara tara ke nan ina fita neman labari, ina bugawa da sunan namiji, Adamu Falgore. Editanmu ne ya ba ni dabarar, ya ce mace mai tona rikicin gona ba za ta sha da daɗi ba. Duk inda na je sai in ce Adamu ne ya aiko ni.

Shekara huɗu da suka wuce na rubuta labarin wani burtali da aka yanka aka raba wa mutane suka noma. Shanu suka rasa hanya, aka yi faɗa da makiyaya, mutum biyu suka ji mummunan rauni. Wanda ya sa hannu aka raba shi ne Baffa Shitu, ƙanin mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya, lokacin yana mai unguwa. Na ga takardun da idona, ban ƙara ko wasali ba. Amma ban je na ji ta bakinsa ba. Da wane ido zan je? Ba a yi wata guda ba aka sauke shi. Har yau Baffa bai ƙara tsayawa a sahun gaba a masallaci ba.

Ga inda abin yake, Iya. Idon Malam, wato mahaifina, ya yi rauni, don haka duk Juma'a ni nake zuwa gida in karanta masa jarida. Wannan labarin ma da bakina na karanta masa. Ya sa na maimaita. Sai ya ɗaga hannu ya ce ko wane ne wannan Adamu da ya tozarta ɗan'uwansa ba tare da ya tambaye shi ba, Allah ya isa, bai yafe ba. Duk wanda ke wurin ya ce amin. Ina zaune a gefen buzunsa, ni ma na ce amin.

Tun ranar ko tuntuɓe na yi sai gabana ya faɗi, in ce Allah ya isan ce ta fara bina.

Yanzu editanmu zai yi ritaya, kuma ni aka zaɓa in gaje shi. Al'adar gidan jaridar ce a buga tarihin sabon edita a shafi na biyu: hoto, sunan mahaifi, garinsu, makarantu, da ayyukan da ya yi. Nawa nan da kwana goma sha biyu zai fito. Na ga abin da suka tsara, har da cewa ni ce masu karatu suka sani da Adamu Falgore. Su murna suke yi, ni kuwa ƙirga kwanaki nake yi. Malam yana da hawan jini. In wani ya tare shi da zancen a ƙofar masallaci fa? In ƙi kujerar ne? In roƙa a cire layin? Ai har direban da ke kai jarida Kiru ya riga ya ji. Mijina ya ce in yi shiru, ƙila abin ya wuce. Iya, tsoro nake ji, tsoron bakin mahaifina.

Taki,
Mai Fargaba daga Kiru

AMSA

'Yata, ki sha ruwa, ki zauna, mu yi magana.

Labarinki gaskiya ne, kuma da kin rufe shi saboda Baffa, wataƙila da ba rauni aka ƙirga ba, gawa aka ƙirga. Wannan kada ki ba kowa haƙuri a kansa. Amma ki sake sauraron abin da Malam ya faɗa: ba tare da ya tambaye shi ba. A nan yana da gaskiya. Ke da kanki, gobe kina edita, ba za ki karɓi labari daga wakilin da bai ji ta bakin wanda ake zargi ba. In ba ki iya zuwa ba, ai da kin tura wani. Laifinki biyu ne, wannan da kuma ɓoyon shekara tara, kuma a kansu za ki nemi gafara.

Kada ki ƙi kujerar. Ƙin ta ba zai janye kalmar Malam ba, sai dai ki rasa aiki ki ci gaba da firgita. Cire layin ma wahalar banza ce, tunda direba ya ji. Mijinki tausayinki yake ji, amma shirun nan kin gwada shi shekara huɗu, kin ga abin da ya yi miki.

Ki tafi gida Juma'ar nan, kafin jarida ta riga ki. Ki fara biyawa wurin wata babba da Malam yake jin nauyinta, yayarsa ko gwaggonsa, ku shiga tare. Ki bari ya ci abinci, ya sha maganinsa, ba kowa a zauren sai ku. Ki durƙusa ki faɗa masa kai tsaye, ban da kwana-kwana. Zai iya yin fushi, zai iya ɗauke miki kai na makonni. Ki jure, kada ki fasa zuwa gaishe shi. Ni ba malama ba ce, amma na san wanda ya furta kalma shi ke da ikon janye ta, kuma ba zai yafe abin da bai sani ba.

Bayan nan, da izininsa, ki je wurin Baffa. Ki ba shi haƙurin rashin tambayarsa, ki ce ga fili a jarida ya faɗi nasa. Yanzu kina da ikon ba shi. Ko ya ƙi, kin sauke naki.

Shekara da shekaru kina zama gefen buzun nan kina karanta wa Malam labarin mutane. Wannan Juma'ar ki bar jarida a jaka, ki ba shi naki. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya sa ki ji "na yafe miki" da kunnenki, ki ce amin ba tare da gabanki ya faɗi ba. Allah ya taya ki riƙo, Edita.

Iya Dije